Iska Ma Kaya Ce

A shekararmu ta ƙarshe a sashen injiniyan injuna, mu bakwai muka haɗu za mu ƙera motar tsere mai kujera ɗaya. Gara in faɗa tun yanzu cewa ba irin waɗanda ake nunawa a talabijin ba ce, kada wani ya ɗauki abin fiye da yadda yake. Ƙarama ce, injin babur muka ɗora mata, gangar jikinta bututun ƙarfe ne da muka yi wa walda a wata rumfa a bayan sashenmu. Amma fasalinta na manyan ne: tayoyi huɗu a waje, direba a kishingiɗe a tsakiya kamar a cikin kwalekwale, fiffike a gaba, fiffike a baya. Shekarar da ta gabaci yaƙi ce, Khartoum tana nan yadda muka san ta.

Ni aka ba wa ƙafafun motar, wato duk abin da ke tsakanin taya da gangar jiki. Kowace taya ana riƙe ta da ƙarafa biyu masu siffar gwafa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Daga gindin tayar wata sanda takan tashi a karkace ta shige cikin mota, ta tura wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke lilo a kan ƙusa, shi kuma ya matse susta. Susta ita ce abin da na ji mutanen Najeriya suna kira sifirin. Mu a nan da susta muka tashi. A motar gida tana tsaye kusa da taya. A motar tsere ɓoye ta ake yi a ciki, a kwance, don kada ta tare wa iska hanya. Kusan komai na waɗannan motoci saboda iska ake yin sa. Na san haka, na karanta, na ma rubuta shi da hannuna a babi na biyu na rahotonmu, don haka ba zan iya fakewa da rashin sani ba.

Fikafikan kuwa aikin wani abokina ne ɗan unguwar Kalakla, dogo mai yawan surutu, wanda ya yi mako shida yana goge zaren gilashi da danƙo har fatar yatsunsa ta saɓule. Fiffiken motar tsere na jirgin sama ne aka kife. Na jirgi yana ɗaga shi sama, wannan kuwa yana danna mota ƙasa domin tayoyi su kama kwalta a kwana. In gudu ya ninka biyu, dannawar ta ninka huɗu. Kuma yadda fiffiken gaba ya kusanci ƙasa haka yake ƙara ƙarfi, shi ya sa ɗan Kalakla ya dage a sauke shi har ya rage yatsu uku tsakaninsa da kwalta. Riƙe motar a kan waɗannan yatsu uku, komai gudunta, aikina ne.

Shugabar ƙungiyarmu mace ce, 'yar ƙarama, ba ta da yawan magana, kuma ita ce direba saboda ta fi kowa rashin nauyi ta kuma fi kowa iya tuƙi. Na auna ta, na auna motar, na fitar da taurin sustar da za ta ɗauke su. Na zaɓi mai laushi don kwaltarmu ba ta da sumul, ina so tayoyi su riƙa bin ƙasa. Sau huɗu na maimaita lissafin, duk ya fito daidai. Abin da ban sa a ciki ba shi ne nauyin da iska za ta ƙara. Ɗan Kalakla ya turo min adadin a waya a makon jarrabawa, na gani, na ce zan shigar da shi daga baya. Ko mantuwa na yi, ko kuwa na raina gudun motarmu ne na ɗauka iskar ba za ta kai ta kawo ba, har yau ban tabbata ba. Wataƙila duka biyun ne.

A nan dole in kawo maganar babana.

Kakan babana ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja zai je aikin Hajji, ya tsaya a bakin kogin Nilu don ya yi aiki ya huta, bai ƙara gaba ba bai koma baya ba. Mu muna zaune a Mayo, wata unguwa a kudancin Khartoum. Babana maƙeri ne, rumfarsa tana bayan Kasuwar Umdurman a layin masu ƙarfe, kuma susta ce sana'arsa: yana mayar wa ta manyan motoci lanƙwasarta in kaya sun miƙar da ita, yana naɗa ta babur da ta raksha, keken nan mai ƙafa uku. Kullum bayan sallar asuba yake fita, ya hau hafla biyu, wato ƙananan bas na haya, kafin ya tsallaka kogi. A gida Hausa muke yi. A waje Larabci, kuma nasa ya fi nawa daɗi, don a nan aka haife shi kamar yadda aka haifi mahaifinsa.

A jami'a ban taɓa cewa ni ba Bahaushe ba ne. Ban dai taɓa cewa ni ne ba. In an tambaye ni unguwarmu sai in ce ta kudu, in canza magana. A shekarar farko wani ya ba da labarin ban dariya a wurin mai shayi game da Fallata, sunan da ake haɗa mu duka a kira mu da shi, ya kwaikwayi yadda tsofaffinmu suke furta Larabci, kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ba zan ce duk mutanen wurin mugaye ba ne, yawancinsu ba su ma tuna da abin ba washegari. Ni ne na riƙe shi shekara biyar. Akwai kuma kalmar rutana, wadda suke kiran duk harshen da ba Larabci ba da ita, wato surutun da ba a gane kansa. Wasu ba da zagi suke faɗinta ba. Amma ni duk sanda na ji ta sai in ji kamar an nuna ni da yatsa.

Da aikin mota ya zo kan susta, na ce wa ƙungiya na san wani usta a Umdurman, gwani ne. Usta shi ne abin da ake kiran babban mai sana'a. Ba ƙarya na yi ba, in an bi kalma kalma. Ni kaɗai nake kai zane in karɓo kaya, kuma komai ya tafi lafiya har ranar da shugabar ta samo boksin yayanta, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta ce za su ɗauko fiffiken gaba daga wurin fenti, sai mu biya gaba ɗaya mu karɓi sustocin.

Da safen ranar na tarar da babana a bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Baba, yau abokan karatuna za su biyo ni ɗaukar kayan."

"Madalla. Sai in sa a kawo musu wake da burodi. Su nawa ne?"

"Biyu. Amma Larabci kawai suke ji."

"Ni ma ai ina ɗan taɓawa," in ji shi, yana dariya. Ya fita.

Na so in ƙara wani abu, ban san mene ne ba. Ko da na sani, ba na jin zai faɗu.

Mun isa da hantsi. Yana tsaye a gaban wuta, jallabiyarsa ta aiki ta yi baƙi, yana dukan wani fallen sustar babbar mota. Ya ɗago ya gan mu, fuskarsa ta saki. Kafin ya buɗe baki na riga shi.

"Salamu alaikum, ya usta."

Gudumar ta tsaya a sama na ɗan lokaci. Ina jin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma na gani. Sai ya ajiye ta a hankali.

"Wa alaikumus salam, ya bashmuhandis. Ku shigo daga rana."

Bashmuhandis, wato babban injiniya, haka masu sana'a suke girmama duk wanda ya zo da takarda a hannu. Bai taɓa kirana da shi ba. Ya shimfiɗa mana kwali a kan benci, aka kawo wake da burodi da kofi, ya tsare mu sai mun ci. Ɗan Kalakla, da yake bakinsa ba ya hutawa, ya jawo babana zuwa bayan boksi ya yaye bargon da ya lulluɓe fiffiken.

"Ya hajji, zo ka ga amaryata."

Babana ya shafa bayan fiffiken, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ƙwanƙwasa da farce.

"To wannan motar taku tashi za ta yi? In za ta tashi ku faɗa min in daina hawan hafla."

"A'a ya hajji, a kife yake. Danna ta yake yi ƙasa. Yadda ta ƙara gudu haka iska take hawa kanta."

"Hawa kanta." Ya maimaita a hankali. "Kamar nauyin me?"

"In ta kai ƙarshen gudunta, kamar ka ɗora buhun sukari a kan hancin."

"Kuma tsakanin wannan da ƙasa?"

Ɗan Kalakla ya ɗaga yatsu uku, yana alfahari.

Babana ya koma ciki ya ɗauko ɗaya daga cikin sustocin da ya naɗa bisa zanena, ya kafa ta a ƙasa, ya ɗora tafin hannu ya danna da nauyin jikinsa. Ta lotsa. Ya sake ta, ya kuma dannawa. Daga nan ya juya wa baƙin baya kamar mai neman tsumma a kan kanta, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa:

"Kai, ka sa buhun nan a lissafinka?"

Na kawar da kai na dubi sustar.

"Sustar nan ta mota da yarinyar ce kawai. Iska ma kaya ce. In ta hau, hancin nan ƙasa zai ci. Bar min su kwana biyu in naɗa maka wasu da waya mai kauri."

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa ya juya zuwa Hausa. Bai so ya gyara min kuskure a gaban abokaina da harshen da suke ji ba. Rufa min asiri yake yi. A lokacin kuwa abin da na ji kawai shi ne an yi Hausa da ni a gaban mutanen jami'a.

Shugabar tana riƙe da finjalin kofi, ta dube shi ta dube ni.

"Me ya ce?"

"Ban sani ba," na ce da Larabci. "Rutana ce. Ina jin da kansa yake magana."

Na sha juya wannan jimla a raina ina neman wata hanyar da za a fahimce ta, babu. Na faɗa, da murya sosai, yana tsaye kusa da ni har ina jin ƙaurin gawayi a rigarsa.

Ya samo tsumman da yake nema ya goge hannu. Ya naɗe sustocin huɗu a tsohuwar jarida, ya ɗauka da kansa ya kai bayan boksi ya ajiye kusa da fiffiken, ya gyara bargon.

"Allah ya ba da sa'a, ya bashmuhandis," in ji shi.

Da yamma a gida muka ci tuwo kwano ɗaya kamar kullum. Bai ɗaga maganar ba, bai kuma faɗa wa innata ba, don da ya faɗa da na gani a fuskarta. Da za mu wanke hannu ne ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka duba abin?" Na ce zan duba.

Na duba kuwa. Ba a daɗe ba na ga gaskiyarsa: in aka ƙara nauyin iska, sannan aka taka birki nauyin mota ya zubo gaba, yatsu ukun nan babu abin da zai rage. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. Amma in na je na ce a dakata, za a tambaye ni ina na samo shakkar. Zan iya cewa ni na gano da kaina, sai dai wannan ma yana nufin in amsa cewa na yi mako uku da saƙon ɗan Kalakla a wayata ban yi amfani da shi ba. Sai na shiga rage lambobi. Na ce filin gwajin gajere ne, ba za ta kai ƙarshen gudunta ba. Na ce ɗan Kalakla mai ƙarin gishiri ne, buhunsa bai fi rabin buhu ba. Na ce bayan gwajin farko sai in ba da shawarar a ƙara tauri, kamar wanda ya lura da wani abu a fili. Na yi ta yi har lissafin ya bar min rabin yatsa, na rufe kwamfutar.

Ranar Juma'a da safe muka yi gwajin, a wani shimfiɗaɗɗen filin ajiye motoci da babu kowa a cikinsa ranar hutu. Shugabar ta sa hular kwano ta shige, muka ɗaure ta da bel, muka tura. Zagaye uku na farko a hankali ta yi, motar tana bin ƙasa lumui, gwafofina suna hawa suna sauka yadda na zana su. Wani daga cikinmu ya dafa kafaɗata ya ce ƙafafun nan sun yi. Na fara tunanin ko na tsira.

A zagaye na huɗu ta buɗe mata wuta a miƙaƙƙen layi. Ina tsugune don in ga ƙarƙashin motar, kuma na ga hasken da ke tsakanin fiffike da kwalta yana ƙanƙancewa yadda take matsowa. Sai ƙara, kamar ana jan faranti a kan siminti. Ta taka birki don shiga kwana, hancin ya duƙa gaba ɗaya, gefen hagu na fiffiken ya kama wani ɗan tudun faci a kwaltar ya tsage. Ɓallin ya shige ƙarƙashin tayar gaba. Motar ta juya sau ɗaya da rabi, ta tafi da baya ta daki shingen waya ta tsaya.

Muka ruga. Shugabar ta fito da kanta, tana riƙe da wuyan hannunta na dama inda sitiyari ya fizge ta. Bai karye ba, amma kafin azahar ya kumbura, ta yi mako biyu da bandeji. Ɗan Kalakla ya bi filin yana tsintar gutsattsarin fiffikensa yana zubawa a gaban rigarsa. Wannan ne karo na farko da na gan shi bai ce komai ba.

Muka zauna a inuwar boksi. Ya zube gutsattsarin a gabana.

"Na turo maka adadin ko ban turo ba?"

"Ka turo."

"Ka sa?"

"Ban sa ba."

Shugabar ta cire hular ta ajiye a cinya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar nan a Umdurman, tsohon ya danna sustar sau biyu, sannan ya yi maka magana. Me ya ce?"

Na faɗa mata. Duka, har da waya mai kauri da kwana biyun.

"Ashe kana jin rutanar."

"Babana ne," na ce.

Na ɗauka za su yi mamaki. Ɗan Kalakla ya yi tsaki ya kawar da kai.

"Ya zol," in ji shi, wato kai mutumin nan, "wa ka ɗauka bai sani ba? Hancinku ɗaya, tafiyarku ɗaya. Hotonka na gama sakandare yana manne a bayan ƙofar rumfar kusa da kalanda, da wata rigar da ta fi ka girma. Tun muna cin wake nake jira ka ce ga babana in gaishe shi yadda ya kamata, ka bar ni ina ce masa ya hajji kamar mai sayar da goro."

Ban taɓa lura da hoton ba. Na shiga rumfar nan sau ɗari, ƙofar kullum a buɗe take, ban taɓa duba bayanta ba.

"Ni ba ruwana da wanda ka ɓoye," in ji shugabar. "Tsakaninka da shi ne, ko da yake da uwata ta ji abin da ka ce da ta mare ka a madadinsa. Amma ka ji maganar, ka gane ta, ka bar ni na shiga motar. Har da kai a masu ɗaure min bel."

Ta tashi ta ce a ɗora motar.

Ranar Lahadi muka koma Umdurman da motar gaba ɗaya a bayan boksi, shugabar ce ta ce a yi haka. Tun daga gada nake maimaita abin da zan faɗa. Da muka tsaya babana ya fito yana kallon hancin motar da ya gogu har zaren gilashin ya fito fari, sannan ya ga bandejin hannun shugabar. A kan bandejin idonsa ya daɗe.

Na ce da Larabci, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, har maƙwabcinsa mai walda ya ɗago: "Wannan babana ne."

"Haka ake faɗa a gida," in ji babana.

Ɗan Kalakla ya fashe da dariya ya kama hannunsa da hannu biyu yana cewa ya ammi, ya ammi, wato baffana. Ni ban san inda zan sa idona ba.

Babana ya shiga ciki ya fito da susta huɗu sabbi, masu waya mai kauri, an riga an naɗa an dafa an shafe su da mai. Tun washegarin zuwanmu na farko ya yi su, ya ajiye a ƙarƙashin kanta. Bai kawo min su gida ba, bai kuma ce min suna nan ba. Na yi ta tunanin dalili. Ina jin ya ɗauka zan zo in tambaya kafin a kunna motar, don bai san ranar gwajin ba; ban faɗa masa ba.

Muka sauke motar a gaban rumfa, na kwance tsofaffin na ɗaura sabbin, shi yana tsaye yana miƙo min sifana kafin in nema. Da na gama ya sa shugabar ta shiga ta zauna. Ya aika aka aro buhun sukari cikakke daga wani shago a bakin layi, ya sa ni da ɗan Kalakla muka ɗora a kan hancin motar.

"Ga iskarku," in ji shi.

Ya durƙusa, ya zura yatsunsa ƙarƙashin abin da ya rage na fiffiken. Biyu da rabi suka shiga. Ya ce wa ɗan Kalakla ya danna hancin da ƙarfi kamar an taka birki. Biyu suka shiga, da ƙyar.

"Haka manyan suke yi?" ya tambaye shi.

"Da kwamfuta suke yi, ya ammi, da wani ɗaki mai fanka kamar gida. Kuma duk da haka bana motocinsu tsalle suke yi a miƙaƙƙen layi kamar raksha a hanyar Mayo. Iska ta danna su har ƙasa, ta sake su, ta kuma dannawa."

"To ka faɗa musu su nemi buhu."

Suka yi ta hira, shi da su, har la'asar. Ya tambayi shugabar yadda motar take ji a hannu kafin ta juya, ta kwatanta masa, ya gyaɗa kai ya ce wani direban babbar mota ya taɓa ba shi irin wannan labari a hanyar Madani. Ni ina gefe ina ɗaure ƙusoshin da na riga na ɗaure.

Da suka tafi na tsaya na taya shi rufe rumfa, muka hau hafla tare. Sai da muka tsallaka kogi na iya buɗe baki.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da na ce ranar nan."

Yana kallon waje. Na ɗauka bai ji ba saboda ƙarar injin.

"Na sha jin kalmar nan," in ji shi. "Tun kafin a haife ka." Da muka wuce wani shatale ya ƙara da cewa, "Yarinyar mutane fa ka sa a ciki. Ka je gidansu ka gaishe da iyayenta?"

"Ban je ba."

"Ka je."

Na je, ranar Talata, da ledar lemo. Mahaifiyarta ta karɓe ni da kirki, ba ta san komai ba sai cewa an yi ɗan hatsari, ni kuma ban san ko ya kamata in ƙara mata bayani ba. Na sha shayi na fito.

Ɗan Kalakla ya sake yin fiffike cikin mako huɗu, ban da abin da na goge masa da hannuna, wanda ya ce bai yi sumul ba ya sake gogewa. A gwaji na biyu motar ta yi zagaye ashirin hancinta bai taɓa ƙasa ba. Ta yi tauri, shugabar ta ce haƙoranta sun kusa zuba, kuma tayar baya takan ɗan yi tsalle a kan faci, abin da tun farko nake tsoro. Amma fiffiken ya tsaya inda aka sa shi, motar ta kama kwana yadda ba ta yi ba a da. A rahoto na rubuta kuskuren yadda ya faru, na kuma kwatanta gwajin buhu a shafi guda da hoto. A shafin godiya na rubuta mahaifina da sana'arsa da unguwarmu. Na daɗe ina tunanin ko wannan ya isa, ko kuwa na yi ne don in ji sauƙi. Shi bai iya karanta Turanci ba.

Saura mako ɗaya a kare aikin a gaban malamai na gayyace shi. Na ce za a fito da motar a kunna ta a harabar sashe, iyaye suna zuwa, kuma ɗan Kalakla ya ce in bai ga amminsa ba ba zai yi magana ba. Ya yi murmushi da jin wannan. Ya tambaye ni wace rana ce, na faɗa. Ya ƙirga da yatsu, ya ce kash, ranar akwai wata babbar mota daga garin Kosti da za a kawo masa, sustarta ta baya duk ta miƙe, kuma mai ita ba ya iya jira.

Innata ce ta zo, da ƙanwata, suka zauna a layin baya. Wataƙila da gaske akwai motar Kostin. Irin aikin da yakan zo masa ne, kuma babana ba mai ƙarya ba ne. Na yi niyyar in tambayi maƙwabcinsa mai walda in na je rumfar, sai na ga in na tambaya dole in ji amsa. Ban tambaya ba.